Wanda Ya Riƙe wa Lok Igiya

Mak Tin-sau ya yi shekara talatin a harkar fim, kuma ba a taɓa ganin ko ƙeyarsa a majigi ba. Aikinsa jan waya ne. In ka ga jarumi ya buga ƙafa ya tashi sama ya sauka a kan rufin gidan shayi, rigarsa na kaɗawa, to a bayan kyamara akwai wani ƙato da ya diro daga kan tsani rungume da igiya. Wannan ya faɗo, wancan ya tashi. A garin Kowloon na wancan zamani, in masu fim suka ce a kira ƙaton nan, yawanci Mak suke nufi.

A bukkokin gindin dutse aka haife shi. Yana da shekara bakwai gobara ta lashe unguwarsu kaf, uwarsa ta fito da yara huɗu da tukunya ɗaya. Da ta duba ta ga wanda ya fi ci, sai ta kama hannunsa ta kai shi makarantar 'yan wasan dandali, ta dangwala yatsa a takarda cewa malami ya ciyar da shi, ya koya masa, in ya ga dama ya dake shi. Malamin kuwa bai yi wasa da ko ɗaya daga cikin ukun ba, sai dai na farkon ya ɗan fi sauran rauni.

A can ake tashin yara su yi tsayuwar ka har jini ya taru musu a ido, su yi alkafura ɗari kafin a ba su kunun shinkafa. Wanda ya faɗi, abu ɗaya ake son ji daga bakinsa. Malami zai tsaya a kansa da sanda ya ce, “Yaya dai?” Yaro ya ce, “Ba komai.” In ya ce ƙafarsa ce, sanda za ta nuna masa cewa ashe yana da baya ma. Cikin shekara ɗaya sauran amsoshin duk sun fice daga bakin yara.

Shekara biyu da zuwan Mak aka kawo Lok Siu-hang, wani ɗan firit mai kunnuwa fato-fato, wanda tun a makon farko ya yi tsallen da ya sa aka laƙaba masa suna Fara. Tabarma ɗaya aka ba su. Lok yana kiran Mak Yaya, kamar yadda ake kiran duk wanda ya riga ka shiga hannun malami, shi kuma Mak yana cinye ragowar shinkafar Lok, yana dukan duk wanda ya ja masa kunne. Haka suka girma, ɗaya yana ƙara faɗi, ɗaya yana nan kamar tsinke.

Kafin su gama koyo, mutanen gari sun daina zuwa kallon dandali, sun koma silima. Malamin ya rufe makaranta, almajiransa suka watsu cikin kamfanonin fim suna faɗuwa a madadin jarumai. Jarumi yana da fuska da za a tattala, su kuwa ƙashi ne da su. Lok ya shiga kamar don shi aka yi sana'ar. Mak kuwa ya yi nauyi, in ya faɗo daga bene sai ka ce an jefo buhun siminti. Wata rana wani mai tsara faɗa ya dube shi sama da ƙasa ya ce tunda Allah ya hore masa jiki, ya je can baya ya kama igiya. Da zolaya aka faɗa, amma a nan arzikinsa yake.

Aikin a ido ba wuya. Ana ɗaura wa mutum ɗamara mai kauri a ƙugu da ciki a ƙarƙashin tufafi, a maƙala mata siririyar wayar ƙarfe, wayar ta bi ta kan wili a can sama, ta sauko ta haɗu da igiya mai kauri a hannun mai ja. Kowane ƙato zai iya ja. Abin da ba kowa ke iyawa ba shi ne saki da tarewa: a bar mutum ya faɗo da gaske, sannan a ɗan rage masa nauyi daidai lokacin da ƙasa za ta karɓe shi. In ka tare da wuri, 'yan kallo za su ga mutum yana lilo a iska, su yi ihu su jefi majigi da ɓawon lemo. In ka makara, sai a nemo motar asibiti. Tsakanin biyun bai kai ƙiftawar ido ba, kuma a nan Mak ya ci abinci shekara da shekaru.

Hannunsa ya san nauyin kowa. Ja ɗaya zai yi ya gaya maka laba nawa kake, kuma in ka hau sikeli ba za ka same shi da kuskuren da ya wuce laba ɗaya ba. Akwai jarumar da ta rantse ba za ta sake aiki da shi ba, don ya faɗa a gaban jama'a cewa ta ƙara biyar tun bikin sabuwar shekara. Ba da mugunta ya faɗa ba. Shi dai mutum ne da in ya san abu na sana'arsa yake ganin kowa ma zai so ya sani.

A lokacin ba a ɗaukar murya a wurin aiki, sai daga baya a shiga ɗaki a ɗora magana da harshen Kanton da ƙarar naushi. Saboda haka filin aiki kamar kasuwar kifi yake. Jarumi yana ɗaure fuska yana ɗaukar fansar ubansa, a gefe ana ta ihun lissafi, ɗaya, biyu, ja, wani yana zagin wani, mai shayi tana cigiyar kofinta. 'Yan faɗuwa su ne suka fi kowa baki. Babu irin tsiyar da ba sa yi wa juna, daga kan sanƙo har zuwa kan mata. Abu ɗaya ne kawai ba a taɓawa. Ba ka cewa ba za ka iya ba, kuma ba ka cewa wane ba zai iya ba. Aikin na yini-yini ne, kira ake yi, kuma wanda aka ji an ce ba zai iya ba, wayar gidansa ta yi shiru ke nan. Kowa ya san labarin wani da amininsa ya je ya gaya wa maigida cewa kafaɗarsa ta goce. Aminin da kyakkyawar niyya ya je. Mutumin ya ƙare yana sayar da dafaffen ƙwai a bakin tasha, in ya hango tsofaffin abokan aiki sai ya juya baya, kuma har ya mutu bai sake amsa gaisuwar aminin ba.

Shekara goma sha tara Mak yana riƙe wa Lok igiya. Laba ɗari da ashirin da shida, ba ya hawa ba ya sauka. Don Lok, daga mataki na huɗu na tsani Mak yake dirowa, ko barci yake ya san wannan. Shi ya raka shi neman auren Yuk-han, wata mai ɗinki a masana'antar riguna, wadda ta ce ta yarda amma da sharaɗin kada a riƙa kawo mata shi a kan ƙyaure. Mak ya yi mata alkawari, kuma ban da karaya biyu da haƙori uku, ya cika.

A bazarar 1986, Mak yana da shekara arba'in, Lok ya dawo daga wani aiki na wata uku a Taiwan. Sito Bing, mai tsara faɗan da suke kira Maigida, ya ɗauke su a wani fim na ramuwar gayya, irin wanda ake kashe malami a farko a kashe mugu a ƙarshe. Lok ne zai yi wa mugun faɗuwa. An kuma ji ƙishin-ƙishin cewa in an gama, Sito zai ɗaga shi ya zama na hannun damansa, ya huta da cin ƙasa. Aka yanka gasasshen alade, aka kunna turare don neman sa'a, aka fara.

Ranar farko tsalle ne mai sauƙi, daga ƙasa zuwa kan katanga. Mak ya hau mataki na huɗu, aka ƙirga, ya diro. Sai ga Lok ya wuce katangar da tsayin kamu biyu, yana wutsil-wutsil a sama. Aka kwashe da dariya, wani ya ce Mak ya ci karin safe sau biyu. Mak bai yi dariya ba. Igiyar ta zo masa sakayau, kamar ka ɗaga tulu kana zaton cike yake. Da Lok ya sauka kuma, ya ji wata 'yar rawa ta biyo igiyar, irin ta ƙafar da ba ta son karɓar mai ita.

Da rana aka raba shinkafa da agwagwa a kwali. Suka zauna a inuwar motar kaya. Lok ya ɗan tsakuri nasa ya tura wa Mak sauran, kamar yadda yake yi tun suna yara. A cikin zafin nan riga biyu ce a jikinsa.

Mak ya ce, “Goma sha takwas.”

“Me?”

“Laba goma sha takwas ka baro a Taiwan.”

Lok ya ce, “Abincinsu ne, Yaya. Mutanen nan ko miya sai sun zuba mata sukari. Kai kuma ka je kasuwa ka zauna mana, masu kifi na neman sikeli.”

“Fara, dube ni. Akwai wani abu?”

Lok ya dube shi. Farin idonsa ya ɗan yi ruwan ɗorawa. Ya daɗe yana dubansa, har Mak ya ji nauyi ya kawar da kai.

Lok ya ce, “Ba komai.”

To, namiji ya ce ba komai, an rufe magana. Mak ya cinye shinkafar duk da ba ta yi masa daɗi ba. Daga ranar ya koma dirowa daga mataki na uku, bai gaya wa kowa ba, kuma ba wanda ya lura, don ba mai kallon mai jan waya sai ya yi kuskure.

Kwana goma sha biyu yana ɗauke da abin a ransa. Tsoro yake ji, irin wanda bai taɓa ji ba a kan aiki. Ba likita ba ne, amma ya san ruwa ba ya tsami banza, kuma ya san abin da ke jira a ƙarshen fim ɗin. An gina gidan shayi mai hawa uku a filin kamfani. Jarumi zai harbi mugu daga hawan ƙarshe, mugu ya fasa rumfa biyu na gora, ya faɗa kan tebur, ya kai ƙasa. Darakta yana son a ga komai a ɗauka ɗaya, daga sama har ƙasa, saboda haka ba katifa, ba tarin kwalaye. Sai wayar nan kaɗai, da hannun Mak.

Sau biyu yana tafiya wurin Sito. Na farko ya tarar da shi yana faɗa da masu fenti, ya juyo. Na biyu har ya tsaya a gabansa, Sito ya ɗaga kai ya ce mene ne, sai Mak ya ji bakinsa yana cewa a sayo sabon wili. Mai sayar da ƙwan nan ne ya tsaya masa a rai. Ya ce a zuciyarsa, mutum ya yi shekara ashirin yana cin ƙasa, saura taki ɗaya ya hau kujera, kai da kake yayansa ka zo ka tsiraita shi a gaban yara? In da yana son a sani, ai yana da baki. Sai ya yanke wata shawara da ya ga ta fi: ba zai faɗa ba, amma zai tare shi da wuri, ko da sunan hannunsa zai ɓaci.

Ranar ta zo da rana mai ƙuna, ba ko iska. An shirya rumfuna da tebura kashi huɗu, don haka sau huɗu kawai za a iya gwadawa. Lok ya sa baƙar rigar mugun da gemun roba, ya hau. Aka ƙirga. Ya taho da baya, ya fasa rumfa ta farko, ya fasa ta biyu, sai Mak ya damƙe igiya. Lok ya sauka a kan tebur a hankali kamar mai shirin zama cin abinci, teburin ko tsagewa bai yi sosai ba.

Sito bai yi faɗa ba. Ya waiwayo ya dubi Mak da mamaki, ya ce a sake. Aka ɗauki awa guda ana ɗaura sababbin rumfuna.

Na biyu ma haka. Wannan karon aka fara jin maganganu. Wani ya ce ƙaton ya tsufa, wani ya ce ya ɗauka jariri aka ba shi. Darakta ya jefar da hularsa. A na uku Mak ya yi ƙoƙarin jinkirtawa kaɗan, amma hannunsa ya riga shi, ya sake damƙewa tun mutum yana tsakanin rumfa da tebur.

Bayan na ukun ne ya zagaya bayan ginin don ya duba ɗamarar, kamar yadda aikinsa ya tanada. Ya tarar da Lok ya dafa turken gora, ya sunkuya, gumi na ɗiga daga gemun roba. Da ya ɗaga rigar sai ya ga abin da riga biyu ke ɓoyewa: haƙarƙari a waje, ciki kuwa ya kumbura ya yi tauri ta ɓangaren dama, ga shatin ɗamara ya yi baƙi a kansa. Sai a lokacin ya gane. Duk sanda ya damƙe igiya da ƙarfi, nauyin faɗuwar gaba ɗaya a cikin nan yake sauka. Sau uku yana matse masa ciwo yana zaton tausayi yake yi, kuma sau uku yana sa shi hawa bene uku a cikin rana. Garin neman gira yana shirin rasa ido.

Kafin ya buɗe baki aka kira su. Sito yana tsaye a tsakiyar fili, kowa ya yi shiru, abin da ba a saba ba. Ya ce kashi ɗaya na rumfuna ya rage. Ya ce bai san abin da ya sami hannun Mak yau ba, kuma ba ya son sani, amma wani mai jan waya, Au Kin, zai karɓi igiyar. Au Kin ba laifi a aiki, sai dai shi laba ɗari da ashirin da shida ya sani, kamar kowa. Da wannan lissafin zai tare, kuma zai fizge mutum fizgar da ta fi ta Mak muni.

Lok ya gyara gemunsa, ya miƙe tsaye sosai. Ya ce, “Maigida, bar masa. Shekara goma sha tara ban san hannun kowa ba sai nasa.” Sannan ya juyo, a gaban mutum arba'in, ya ce, “Yaya, ko dai akwai abin da kake so ka faɗa wa Maigida ne?”

Mak ya ji maganar kamar mari. Abin da ya ji shi ne, ka kuskura. Ka kuskura ka tona ni a nan. Ya dubi ƙanensa, tsaye cikin rigar aro, yana haɗiye ciwo don kada a gani, sai wani irin girmansa ya cika masa zuciya. Ya ga cewa abu ɗaya ya rage da zai iya yi masa, shi ne ya yi aikin daidai.

Ya ce, “Ba ni da abin faɗa. Hau.”

Ya cire safar hannu don ya ji igiyar da fatarsa. Aka ƙirga. Lok ya taho, gora ta tarwatse, ta biyu ta tarwatse, igiya na gudu tana ƙona tafin Mak, bai taɓa ta ba sai da ya rage tsayin mutum, sannan ya matse ta a hankali, ya sake. Tebur ya rabe biyu. Ƙura ta tashi. Lok yana kwance ba motsi, kamar yadda ake so, har darakta ya ce a yanke.

Sito ya sunkuya a kansa ya ce, “Yaya dai?”

Lok ya tashi zaune, ya tofar da ƙasa, ya ce, “Ba komai.”

Aka yi ta tafi. Waɗanda suka yi wa Mak tsiya ɗazu suka zo suna bubbuga masa baya. Mai shayi ta kawo wa Lok kofinsa, ya sha, ya cire gemu, ya yi sallama da kowa. A tashar ƙananan motoci ya yanke jiki ya faɗi. Likitoci suka ce ƙari ne a hanta, ya daɗe, kuma ya fashe yana zubar da jini a ciki. Sun ce da bai fashe ba, da wataƙila ya kai sabuwar shekara, wataƙila ya wuce. Kwana tara ya yi a asibiti, yawanci ba ya cikin hayyacinsa, sannan rai ya yi halinsa.

Fim ɗin ya yi kasuwa daidai gwargwado. Faɗuwar ba ta fi daƙiƙa uku ba a majigi, amma 'yan sana'a sun daɗe suna maganarta. Mak ya yi kuka a wurin jana'iza, kukan ƙato mara kyan gani, sannan ya koma bakin aiki, don ba shi da wata sana'ar.

Abin da ya riƙe shi shi ne labarin. Da farko sai an tambaye shi yake bayarwa, daga baya ba sai an tambaya ba. A gidan shayin da 'yan faɗuwa ke zaman jiran kira, duk sabon shiga sai ya ji yadda Lok Fara ya hau bene uku da ajalinsa a ciki bai ce uffan ba, da yadda ya kalli yayansa ya gargaɗe shi, da yadda yayan ya rufa masa asiri ya ba shi saki mafi kyau da aka taɓa yi a Kowloon. Yakan buɗe tafin hannu ya nuna tabon igiyar. Ba ƙarya yake yi ba, kuma ba alfahari kaɗai ba ne. Da wannan labarin yake iya barci. Ya yi imani ƙanensa ya mutu da mutuncinsa, kuma shi ya taya shi.

Kowace shekara, ranar sharar kaburbura, shi yake raka Yuk-han. Maƙabartar a jikin dutse take, matakala ɗari uku da 'yan kai. Shi ke ɗaukar kwandon: gasasshen nama, lemo, giya, takardun da ake ƙona wa mamaci. Ita ta share, ta goge hoton, shi ya zuba ƙananan kofuna uku, ya zauna yana ba dutsen kabarin labarin da mai kabarin ya fi shi sani. Yuk-han ba ta taɓa cewa komai ba. Mak ya ɗauka tana jin daɗin ji ne.

Shekara goma sha ɗaya ana haka. Kasuwar fim ta fara mutuwa, kira ya ja baya, gwiwoyin Mak sun gaji da dirowa daga tsani. A shekarar ce 'yar Lok, wadda ta yi aure a Kanada, ta aiko wa uwarta takardun tafiya. Saura mako uku jirgi ya tashi suka hau dutsen, suna tsayawa suna hutawa. Ta yi shara, ya zuba giya. Ya gyara zama, ya fara, “Ka tuna ranar nan, Fara, da ka juyo ka ce mini…”

Yuk-han ta ce, “Yaya, don Allah bar labarin nan.”

Tana durƙushe tana jera lemo, ba ta ɗago ba. Ta ce ta yi niyyar tafiya da shi a cikinta, amma ba za ta iya tunanin yana nan kowace shekara yana faɗa wa mijinta wannan maganar ba, ita tana can wata duniya.

Ta ce, “Tun a Taiwan ya san ciwon. Ranar da zai fara aikin nan ƙofa na tare. Na ce ya je ya gaya wa Sito, ya ce bakinsa ba zai iya ba, tun yana ɗan shekara bakwai aka dake maganar daga bakinsa. Ya ce in kwantar da hankalina, shi ya roƙa a haɗa shi da kai. Ya ce, ‘Ja ɗaya Yaya zai yi ya gane. Mutumin da ya tona wa jaruma asirin laba biyar, ai ba zai iya shiru da goma sha takwas ba. Shi zai faɗa, ni kuma in yi fushi, in zazzage shi a gaban mutane, in dawo gida da mutuncina.’ Har jakar asibiti na haɗa masa.”

Mak ya ce, “Na tambaye shi. Tun ranar farko na tambaye shi, ya ce ba komai.”

“To me kake so ya ce?”

Mak ya dubi tabon da ke tafin hannunsa.

Ta ce, “Kullum ya dawo sai in dube shi, ya ce, ‘Bai faɗa ba tukuna. Gobe.’ Ranar faɗuwar da safe ma haka ya ce. Ya ce in ka ƙi, shi zai tambaye ka a gaban kowa, don ya sauƙaƙa maka.”

Ta kunna takardun, ta tsaya har suka cinye. Ta ce ba ta riƙe shi a zuciya ba, ta daɗe da sanin cewa malami ɗaya ya rene su. Ta tattara kofunan ta sa a kwando, ta ce ya zo su sauka kafin rana ta yi zafi.

Mak bai tashi ba. Baƙin ciki ya danne shi, wanda ya fi na ranar jana'iza, don ran nan yana da abin da zai jingina da shi. Yana jin muryar Lok a filin nan, kalma-kalma yadda ya sha maimaita ta ga yara a gidan shayi, ba abin da ya canja a cikinta, sai dai yanzu ya ji roƙo ne.

Yuk-han ta jira shi kaɗan. Da ta ga ba shi da niyyar motsi, ta rataya kwandon da kanta ta fara sauka.